Igiyar Awo

Kakana Nomau bai bar mana gona ba.
Igiya ya bari, da dunƙulen dalma a bakinta,
da sunan wani mutum: Mu'allim Oshek,
maginin Sawakin.

Shekara bakwai ya yi masa dakon dutse
yana tara kuɗin jirgin Jidda.
Ya ce dutsen garin ba a tudu ake haƙo shi ba,
a gindin Bahar Maliya ake yanko shi,
jiƙe, da laushi kamar cuku,
sai ya sha rana ya koyi taurin kai.

Uban Oshek mai nutso ne.
Wata safiya ya nutsa, teku ta riƙe abinta.
Yaron bai sake taka ruwa ba.
Da ya girma, ya sa a riƙa kawo masa tekun tudu
guntu-guntu a kwale-kwale,
yana jera ta sahu-sahu, yana sa mata ƙofa.

Ba ya zane a takarda.
Da asuba yakan tsaya a fili, ya jiƙa yatsa, ya ɗaga,
ya ji ta inda iska za ta yi sallama.
Nan taga.
Saura kuma kamu ne, da taƙi, da haƙuri.

Attajirin gahawa ya nemi hawa uku, ya samu,
da tagogin katako masu leƙen titi,
sassaƙarsu kamar saƙar zuma:
na ciki ya ga na waje, na waje ya ga inuwa.
Masallacin masunta, hasumiyarsa gajera ce
don ladanin yana ɗingishi.
Gidan Sitti Nafisa matakala goma sha tara,
kowace ya rage mata tsayin yatsa biyu,
don ya ga yadda take dafa gwiwa in za ta miƙe.
Har ta rasu ba ta sani ba.

Shi kuwa bukkar tabarma a ƙetaren ruwa.
In an ce, Mu'allim, ina naka?
Sai ya ce, in na gama.

Sai aka buɗe sabuwar tasha a arewa.
Jirage suka daina juyowa.
Masu kuɗi suka garƙame ƙofofi, suka bi ciniki,
suka bar wa kuliyoyi benaye.
Aka aiko masa: zo, ga siminti, ga albashi.
Ya je, ya ɗora kunne a bango,
ya ce wannan ba ya numfashi.
Kwana uku ya dawo.

Ya san gidan murjani kamar tsoho yake:
in ba a shafe shi da farar ƙasa duk shekara,
in ba a tari a cikinsa, ba a hura wuta,
gishirin da ya baro zai biyo sawu.
Ya ɗauki bokiti, gida-gida,
ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya,
har ido ya tafi, ya koma gani da tafin hannu.
Mutum ɗaya, tsibiri guda.
Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne.

A haka kakana ya same shi da zai koma gida.
Ya shafa fuskarsa, ya gane shi ta tsagar Gobir,
ya damƙa masa igiyar:
kai ta inda ake gini.

Bana na kawo ta inda aka daina.
Na tambayi kabarinsa, mai gahawa ya girgiza kai.
Tsibin dutse fari fat, kamar ƙashin raƙumi,
kuliyoyi na hamma a falon attajiri.
Can gefen ruwa na ga matakala
tana hawa zuwa babu.
Na hau. Gwiwata mai ƙorafi ko a kan tabarma
ba ta ce uffan ba.
Goma sha tara.

Bango ɗaya ya rage a tsaye.
Na kwance igiyar, na saki dalmar a jikinsa,
ta yi lilo, ta yi lilo,
ta tsaya.
Ko gashi bai karkace ba.